Kwaɗon Bajoga

Mu muka raɗa masa Kwaɗo, kuma ba don yabo ba.
Siririn yaro, ƙwauri kamar sillen kara,
in ya daka tsalle a filin firamare
sai mu faɗi ƙasa don dariya.
Gidado ne sunansa na yanka.
Gaba ta ƙi shi, tsakiya ta ƙi shi,
muka kai shi tsakanin duwatsu biyu
muka ce, tsaya nan, kada ka motsa.

Ya motsa.
Ƙwallon tsumma ce, ɗaurin roba,
ya tsinko ta daga sama
kamar mangwaron gonar da ba ta ubansa ba.

Duwatsu suka koma sandunan darbejiya,
darbejiya ta koma ƙarfe mai farin fenti.
Mu goma cikin riguna ruwan toka, kalar ƙurar siminti,
shi kaɗai cikin rawaya,
da safar hannu ta gwanjo daga kasuwar Gombe,
ta hagu ta fi ta dama girma.
Shekara goma sha ɗaya ina lamba biyar a gabansa.
Na san muryarsa kafin in san ta matata:
"Bari! Tawa ce!"
Sai in duƙa, inuwa ta wuce ta kaina.

Ranar kofi, mu da 'yan Kumo,
ruwa ya sauko tun la'asar, fili ya zama fadama.
Babu ci, babu ci, har aka je bugun daga kai sai gola.
Ta farko ya ture da tafi.
Ta biyu da ƙafa, yana kwance cikin taɓo.
Ta uku ta karya masa ɗan ƙuri,
na ji ƙarar daga tsakiyar fili,
amma ba ta shiga ba.
Wata mai kunun zaƙi ta hau kan bokitinta tana guɗa:
"Wannan ba kwaɗon ruwa ba ne,
kwaɗon ƙofa ne, an jefar da mabuɗin!"
Suna dai bai canja ba.
Bakinmu ne ya canja.

Sai ga wani mai jaka da tabarau,
wai akwai gwaji a ƙetare, a kawo kuɗin takardu.
Inna ta sayar da bijiminta.
Wata huɗu Gidado yana kwana a tashar Ikko
yana kiran lambar da ba ta shiga.
Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.
Ya dawo a bayan tirela, bai ce da kowa komai ba,
ran Asabar muka tarar da shi a raga.

Kaka shida ya ƙara, kofi biyu.
Gwiwa ce ta ci amanarsa a Dukku,
wani ramin gara da ciyawa ta rufe.
Wasansa na ƙarshe huɗu aka zura masa.
Ta huɗun wani yaro ne da ko gemu bai fara ba
ya ɗaga masa ita sama a hankali.
Gidado ya bi ta da ido kawai,
kamar mai kallon balbela za ta gida.
Ya tuɓe safar, ya rataye a kan ƙarfe,
ya miƙa wa yaron hannu.

Jiya na gan shi a kasuwa, ana sauke kankana.
Daga saman mota ake wurgo ta,
yana cafewa da yatsun nan karkatattu
yana jerawa a kan buhu.
Mai kayan ya ce shekara tara bai fasa ko ɗaya ba.
Wata ta kuɓuce wa yaron mota, ta nufo kaina.
Ban ma gan ta ba.
Muryar na ji,
na duƙa.